Jita da jita-jita: kafin mu kira ɗanmu ɗan shaiɗan saboda hoton biki

A ƙarshen watan Yuni wata uwa daga unguwarmu a Maraɗi ta kira ni a salula, muryarta na rawa. Ɗanta da ke karatu a Faransa ya ɗora hoto a WhatsApp. Yana sanye da baƙar riga mai zanen ƙoƙon kan mutum, ya ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho, bayansa taron Turawa ne masu dogon gashi iya ganinka, a sama kuma an rubuta Hellfest da manyan baƙaƙe. Wani kawunsa da ya yi boko ya fassara wa dangi kalmar, ya ce ma'anarta bikin jahannama. Kafin la'asar saƙon murya ya zagaya gidajen dangi daga Maraɗi har Tasawa, cewa yaro ya shiga ƙungiyar masu bautar shaiɗan. Mahaifinsa ya rantse ba zai ƙara aika masa ko dala ba.

"Ɗana, kai da ka taɓa zama can, faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Yaron nan ya bar addini ne?"

Na ce mata, "Hajiya, filin nan da kika gani a hoto ni ma na taɓa shiga cikinsa, na wuni, kuma na fito da sallata." Abin da na gaya mata a ranar shi nake son in faɗaɗa a nan, domin na san ba a gidansu kaɗai hoto guda ya tayar da ƙura irin wannan ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wurin da mutum ya tsaya aka ɗauke shi hoto ba ya isa hujjar yanke masa hukunci. Abin tambaya shi ne me ya aikata a wurin, kuma wa ya biya kuɗin.

Abin da idona ya gani

A watan Yunin 2022 ina birnin Nantes, a yammacin Faransa, wajen wani ɗan gajeren horo na aikin jarida. Wani abokin horon, Bafaranshe, ɗan'uwansa ya kamu da rashin lafiya, tikitinsa na kwana ɗaya ya rage. Ya ce in zo in ba idona abinci. Na yi ta jinkiri saboda sunan, daga baya na tuna cewa gani ya kori ji, kuma ɗan jaridar da ke gudun gani bai cancanci alƙalaminsa ba.

Ana yin bikin ne a Clisson, wani ƙaramin gari na manoman inabi da ke kusa da Nantes, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba a jirgin ƙasa. Mazaunansa sun ɗan haura 7,000. Wani matashin yankin mai suna Ben Barbaud ne ya kafa bikin a 2006, yau kuma kimanin mutum 60,000 ke shiga filin a kowace rana, ƙungiyoyin makaɗa fiye da 150 suna hawa dandamali shida ɗaya bayan ɗaya. A 2020 da 2021 cutar korona ta hana a yi, shi ya sa a shekarar da na je aka ninka shi ya zama kwana bakwai a ƙarshen mako biyu. Ƙarshen makon farko ya zo da zafin da ya kusa digiri 40. Turawa suna neman narkewa, ana fesa musu ruwa da mesa, ni kuwa ɗan Maraɗi sai na ji kamar watan Afrilu ne a gida.

Kiɗan da ake kaɗawa shi ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da shi. Jita ce ta lantarki da ganguna ake bugawa da ƙarfi ta cikin lasifikoki masu tsawon bene, har kana jin bugun a ƙashin ƙirjinka. Wasu mawaƙan suna rera waƙa da murya mai zaƙi, wasu kuwa gurnani suke yi kamar zaki ya ji yunwa. Ba zan yi ƙarya ba, awar farko kaina ya yi ciwo, kuma har yau ba kiɗan da zan saka ina shan shayi a fada ba ne.

Amma mutanen ne suka ba ni mamaki. Na zaci zan tarar da 'yan ta'adda, sai na tarar da malaman makaranta, direbobin manyan motoci, ma'aikatan asibiti, dattawa masu furfura da jikokinsu an toshe musu kunnuwa. A gaban dandamali akwai wani fili da samari da 'yan mata ke buɗewa suna gudu suna bangazar juna. Wani lokaci mawaƙi ya raba taron gida biyu, ya ba da alama, su rugo su yi karo kamar raguna. In ka hango daga nesa sai ka ce yaƙi ne. In ka matso sai ka ga akwai doka da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba: duk wanda ya faɗi, na kusa da shi za su tsaya su ɗaga shi kafin a ci gaba. Na ga wani ya tsinci takalmi ya ɗaga shi sama yana juyawa har mai shi ya zo. Na ga an ɗauki wani mai keken guragu, shi da kekensa, ana miƙa shi bisa hannuwa daga baya har gaba, yana ta dariya, masu tsaro suka sauke shi a hankali.

Lokacin la'asar na koma wajen tantunan kwana, na shimfiɗa rigata bisa ciyawa na yi salla. Wasu da ke zaune kusa suka rage murya har na sallame. Babu wanda ya ce mini uffan. Na wuni ina shan ruwan famfo da aka jera kyauta, na ci soyayyen dankali saboda naman da ban san asalinsa ba, kuma babu wanda ya matsa mini in sha abin da ba na sha.

Baƙar riga da ƙaho

Wannan kiɗa yana da tarihi, kuma ba a ɗakin tsafi aka haife shi ba. A unguwannin ma'aikatan masana'antu na birnin Birmingham a Ingila ya tashi. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda ake ɗauka a matsayin uwar wannan salo, ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa mata jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage zafi, sai sautin ya fito da kauri da nauyi. Kiɗan 'ya'yan talakawa ne masu fushi da yaƙi da rashin aikin yi da ƙaryar shugabanni.

Alamar yatsun nan da ta firgita dangi, mawaƙi Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta bayan ya shiga Black Sabbath a 1979, kuma ya sha faɗin cewa wajen kakarsa 'yar Italiya ya koya, tana yin ta ne don kariya daga mugun ido, abin da mu za mu kira kambun baka. Mafi yawan masu ɗaga ta yau ba abin da suke nufi sai cewa kiɗan ya yi daɗi. Ƙoƙon kai da wuta da dodanni kuwa ado ne na ban tsoro, irin na fim. Ƙungiyar Gojira ta Faransa, wadda duniya ta kalla a bikin buɗe wasannin Olamfik na Paris a watan Yulin 2024, waƙoƙinta da dama a kan kare teku ne da dajin Amazon.

Mu ɗan juya madubin. A ce wani Bature ya ɗauki hoton shaɗi, saurayi tsaye ana zabga masa bulala yana murmushi, ko hoton ɗan dambe da hannu a naɗe, ko ɗan kokowa da layu jere a damtse, ya aika gidansu ba tare da bayani ba. Me danginsa za su ce a kanmu? Mu mun san akwai ƙa'ida a ciki, akwai alƙalai, akwai raha bayan an tashi. Shi hoto ba ya ɗaukar wannan.

Kuma ba yau aka fara tuhumar mai jita ba a ƙasar nan. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, danginsa ba sa son abin. Yau yana cika dakunan wasa a Amurka da Turai da waƙoƙin Tamashek a kan zalunci da halin da Afirka ke ciki. Bombino na Agadas ya kai ga shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018. Ba metal suke kaɗawa ba, amma jitar lantarki ce mai ƙara, kuma masu baƙaƙen rigunan nan da yawa suna saurarensu. Idan sun ɗaga tutar Nijar a waje mukan yi alfahari.

Inda iyaye suke da gaskiya

Kada a ce na zo tallar biki ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma akwai abubuwan da dole in faɗa.

Na farko, giya. Ana shan ta kamar ruwa tun da hantsi. Wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ko yake jin kunyar ya ce a'a a gaban abokai, wannan wuri ba nasa ba ne.

Na biyu, ba duka ne wasan kwaikwayo ba. Akwai wani reshe na kiɗan da ke zagin addini kai tsaye. A farkon shekarun 1990 wasu matasa masu wannan ra'ayi a Norway sun ƙona majami'u, ciki har da tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a 1992. A Clisson ma na leƙa ƙarƙashin wata rumfa na ga ana wasa da gicciye a kife ana furta kalaman da ba zan iya tsayawa in saurara ba, ko da ba addinina ake nufi ba. Na fita. Ba Musulmi kaɗai ne wannan ke damu ba. Ƙungiyoyin Katolika a Faransa sun daɗe suna ƙorafi, kuma a 2010 'yan siyasa irin su Christine Boutin da Philippe de Villiers sun fito sun soki bikin.

Na uku, baƙar fata ba su da yawa a wurin. Mafi yawan waɗanda na haɗu da su sun karɓe ni hannu bibbiyu, amma sau biyu wasu suka tambaye ni hanyar bayan gida a kan zaton ni ma'aikacin wurin ne. Akwai kuma 'yan tsirarun makaɗa a wannan fage da aka sani da ra'ayin wariyar launin fata. Mata su ma sun sha kokawa a kan masu taɓa jikinsu a cikin cunkoso, abin da ke faruwa a manyan bukukuwa da dama.

Na huɗu, kuɗi. Tikitin kwana huɗu a shekarun nan ya haura yuro 300, wato kusan jika 200 na CFA, ban da kuɗin jirgi da abinci. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Idan ɗalibi ya ɗebi kuɗin da mahaifinsa ya sayar da buhunan gero ko rago ya aika masa, ya sayi tikiti da su, to ya ci amana, kuma wannan laifi ne ko da bikin kiɗan kalangu ne. Idan kuwa guminsa ne, ya wanke kwanuka a gidan abinci ya tara, magana ta canza.

Tsakanin kiɗa da ridda

Ni ba malami ba ne, kuma na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa. Wanda ya riƙe cewa kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba, ina girmama matsayinsa, sai dai hukuncin nasa ya hau kan wanda ke liƙa wa makaɗa kuɗi a bikin aure a Yamai kamar yadda ya hau kan yaron da ke Clisson. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallen da ake yi daga "ya je wurin kiɗa" zuwa "ya bar Musulunci". Fitar da mutum daga addini magana ce mai nauyin da manyan malamai ke tsoron furtawa, amma mu a yau da saƙon murya na minti biyu muke gama ta.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya sun ga inda ta kai su. A 2003 wata kotu a Casablanca ta ƙasar Maroko ta ɗaure matasa 14, makaɗan metal da masoyansa, bisa zargin bautar shaiɗan da gurɓata tarbiyya. Daga cikin hujjojin da aka kawo har da baƙaƙen riguna da faya-fayan kiɗa. Jama'a suka yi zanga-zanga, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. A ɗaya gefen kuma, a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a kudu maso gabashin Asiya, wasu 'yan mata uku masu hijabi daga yankin Garut sun kafa ƙungiyar Voice of Baceprot tun suna makarantar Islamiyya. An zage su, an yi musu barazana, amma a 2022 sun hau dandamalin bikin Wacken a Jamus, ɗaya daga cikin manyan tarukan metal na duniya, da hijabinsu. A nan kusa da mu, a Lome, ƙungiyar Arka'n Asrafokor tana haɗa metal da gangunan gargajiya na Togo. Mutum zai iya ƙin kiɗansu, amma ba zai ce dukkansu shaiɗan suke bauta wa ba.

Sannan mu duba abin da hukuncin gaggawa ke haifarwa. Duk wanda ya zauna a waje ya san kaɗaici. Ɗaki ƙarami, sanyi, ga takardun zama da ke cin rai. Idan abokin aji ya gayyace ka wani wuri, sau da yawa wannan ce ƙofa ta farko da aka buɗe maka a ƙasar. Yaron da ya ɗora hotonsa a inda mahaifiyarsa za ta gani yaro ne da bai ɓoye mata rayuwarsa ba. Idan muka saka masa da tsinuwa, ba zai daina fita ba. Zai dai koyi yadda ake ɓoye wa dangi hoto, kuma ranar da ya shiga matsala ta gaske, mu ne na ƙarshe da za mu ji.

Ku kuma matasa, musamman na waje, akwai naku kason. Kafin ka sa riga, ka san abin da aka rubuta a kanta. Kafin ka ɗora hoto, ka tuna cewa kakarka za ta iya gani, kuma ita ba ta san Dio ba balle kakarsa. Kira gida ka yi bayani tun kafin wani ya yi maka fassara. Ka san iyakarka kafin ka shiga, ka kuma kasance mai iya juya baya ka fita idan an zo inda imaninka bai yarda ba. Ka toshe kunnenka: dokar Faransa ta ƙayyade ƙarar irin waɗannan wurare a desibel 102, wanda shi ma ya isa ya yi lahani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yawan sauraren ƙara.

Abin da na so in ɗauko in kawo gida

Da na dawo, ba kiɗan ne ya tsaya mini a rai ba, tsarin ne. Idan an rubuta ƙungiya za ta hau ƙarfe 4 da minti 5, to a daidai lokacin za ka ji ganga. Ga ruwan sha, ga bayan gida, ga rumfunan masu ba da agajin gaggawa, ga wuri na musamman na naƙasassu. Mutanen gari suna ba da hayar ɗakuna, masu burodi da masu shaguna suna cin kasuwar shekara a 'yan kwanaki. A Wacken kuwa, a 2023, da ruwan sama ya mayar da fili taɓo, masu shirya bikin sun rufe ƙofa bayan kimanin mutum 61,000 sun shiga daga cikin 85,000 da suka sayi tikiti, suka mayar wa sauran kuɗinsu. Sun zaɓi asara a kan a rasa rai.

Mu ma muna da tarukan da ke tara dubban jama'a. Kokowar takobi tun 1975 take zagaya jahohi, ga bikin Cure Salée a Ingal, ga Bianu a Agadas. Ba mu rasa makaɗa ba, ba mu rasa 'yan kallo ba. Amma sau nawa aka ce wasa ƙarfe 8 aka fara 11? Sau nawa mata suka fasa zuwa saboda babu wurin kama ruwa, ko saboda turereniya a ƙofa ɗaya tilo? Idan garin da bai kai wata unguwa ta Damagaram yawan jama'a ba zai iya saukar da baƙi 60,000 a rana ya sallame su lafiya, to akwai darasi a wurin ga duk mai shirya taro a ƙasar nan, ko da ya tsani kiɗan.

Hajiya ta bi shawarata ta kira ɗanta. Ta yi masa tambayoyi uku: ka sha giya, ka bar salla, kuɗin wa ka kashe? Ya amsa mata, ta ce ta gamsu da biyu, na ukun kuma sai sun sake zama. Rigar dai ya yi alkawarin ba zai ƙara sa ta ba, don ita ta ce ba ta son gani. Mahaifin har yanzu bai ɗauki kiransa ba, domin saƙon kawu ya riga bayanin ɗa isa kunnensa, kuma babu wanda ya sake tura wani saƙon don gyara na farko.

Ga wanda irin wannan hoto ya faɗo masa a salula gobe, roƙona ɗaya ne. Kafin ka danna ka tura wa dangi, ka fara kiran mai hoton. Allah ya shirya mana zuri'a, na gida da na waje.